Nakiyoyin Sidi da Koren Fenti

Na Allah ne mu, wajensa za mu koma, Sidi dai ya riga mu shiga layi. Sidi kakana ne na wajen uba. Haka mu jikokin Madina muke kiran kaka namiji, matarsa kuma Sitti. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, maza suka dawo, mu mata muna gida a Ƙuba muna ta zagayawa da gahawa da dabino.

Ni fa a satin nan tsalle ya kamata in yi ta yi. Natijar jarrabawa ta fito, na haye a kulliya, kwalejinmu ke nan, har Ingilishin nan da yake ba ni kashi na murƙushe shi. Kwalin baƙlawa, kayan zaƙin nan na Larabawa, na sayo zan raba wa 'yan gida. Yana nan ƙarƙashin gado, na ma manta da shi sai da tururuwa ta tuna min.

Masu ta'aziyya sun zo, ba laifi. Tsofaffin matan unguwar Uhudu sun cika mota guda, kowacce da irin Hausarta, ta Kano, ta Damagaram, da wadda Sudan ta lanƙwasa wa harshe. Duk bakinsu ɗaya, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Amma kowacce in ta gama addu'a sai idonta ya zame zuwa ƙofar ɗakinsa. Wata ta ce Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, sai dai, ta nuna ƙofar da leɓe, ba ta ƙarasa ba. Wata ɗanta ya jingina da bangon ɗakin, ta fizgo shi kamar ya taɓa murhu. A wajen maza ma Yaya ya ce kujerun da suke gindin tagar Sidi babu wanda ya zauna a kai, mutane sun gwammace su tsaya.

Umda, mai unguwarmu ke nan, da ya zo, ya riƙe hannun Baba ya ƙi saki. Ya yi masa ta'aziyya da Larabci, ya koma Hausa don kada na kusa su ji, ya ce shi yana jin nauyin marigayi ne ya sa ya yi shiru tsawon shekarun nan. Yanzu babu shi. Tun da 'yan bindiga suka mamaye Haramin Makka shekarun baya, harsashi ɗaya a gidan mutum ba wasa ba ne, balle gidan irinmu da ko da takardar ɗan ƙasa a aljihu ana tambayarmu daga ina. In an tashi daga zaman makoki, ko wani a gidan ya tsaya ya ce ya san ƙarafunan nan matattu ne, ya nuna shaida, ko kuma shi ya kai magana gaba.

To, ga abin da ke cikin ɗakin. Nakiyoyi ne, irin waɗanda ake binnewa a ƙasa don tankar yaƙi. Amma na koyo ne, ya'ani waɗanda ake horar da soja da su, cikinsu yashi ko siminti ko wayam. Kamar kwanon tuwo mai murfi suke, wasu da mariƙi a gefe. Sidi ya yi soja a hannun Turawan Ingila lokacin yaƙin Hitila, aikinsa a barikin horo shi ne ya binne su da safe, sababbin kurata su tono, ya sake binnewa. Da aka sallame su bai zauna a gida ba, ya kamo hanyar gabas shi da Sitti, ta Sudan, har suka sauka a nan. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi aikin gonar dabino. Wata rana a haraj, kasuwar 'yan gwangwan, ya ga guda cikin tulin ƙarafunan da aka kwaso daga wani tsohon sansani ana sayarwa a kilo. Ya ce ji ya yi kamar ya ga ɗan garinsu. Daga nan aka fara.

Shi dai burinsa ɗaya, kada a ce ya ajiye mutuwa a gidan da jikokinsa suke rarrafe. Duk wanda ya yi masa wannan maganar, ko da wasa, ranar ba zai ci abinci ba.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. Amarya yake ce min, ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, wa zai aure ka da haƙori uku. Sai ya ce ai sadakina yana nan a jere, in zaɓi wadda nake so. Tun ina firamare yake zaunar da ni yana nuna min. Doka ta farko, hannu a baya. Ba a taɓawa sai an gama kallo. A duba launi, don na koyo fentinsu daban, wasu shuɗi, wasu baƙi da farin rubutu. A duba rubutun. Sidi bai iya boko ba, ko sunansa ba ya rubutawa, amma waɗannan haruffan ya haddace su kamar fuskar 'ya'yansa. Sannan a leƙa ramin da ke tsakiya, a ga ko wayam ne. Wasu an huda su a gefe, makaho ma ya san wasa ne. Wasu kuwa jikinsu ɗaya da na gaske sak, masana'anta ɗaya, nauyi ɗaya, an toshe bakinsu. Waɗannan fenti da rubutu kaɗai ke raba su da masu kisa.

“Kar ki ce ta mutu don kina so ta mutu,” haka yake cewa. “Ki ga rubutunta tukuna.”

Darajarsu ma a fentin take. In fentin asali yana nan, rubutu ya fito, shekarar ƙira ba ta goge ba, mariƙi bai karye ba, wannan amarya ce. In wani mai tsafta ya kankare ta tana walƙiya, Sidi zai tsuke baki ya ce wannan ta zama murfin tukunya, a kai wa mai ful ya rufe wakensa. Tsatsa kaɗan ba ya damunsa. Yana goge su da busasshen tsumma, ruwa bai taɓa taɓa su ba.

Masu nema kuma akwai, ba ku sani ba ne. Turawan da suke aikin kamfanoni a Yanbu, wasunsu mahaukatan kayan yaƙin da ne. Su ba sa shiga Madina, to Sidi ne yake fita. Baba ya ɗauke shi a wanet, motar a-kori-kura, a lulluɓe ƙarfe da bargo, a wuce iyakar harami, a tsaya a wani shagon gahawa na bakin titi. Sau ɗaya aka tafi da ni don in yi tafinta, ina cikin abaya a gaban mota ina jefo Ingilishina ta taga. Wallahi ba su buƙace ni ba. Wani Bature mai jan wuya ya durƙusa, Sidi ya durƙusa, dukansu hannu a baya, suna zagaya abu kamar kaji sun ga maciji. Wannan ya nuna harafi, wancan ya gyaɗa kai. Baturen ya ce babansa ma irin aikin da ya yi ke nan. Suka sha shayi, ya ba Sidi wata tsohuwar hular ƙarfe, Sidi ya ba shi nakiya. Abokin Baturen ya ce shi ma yana son ɗaya ya riƙa kashe sigari a kai. Da na fassara, Sidi ya ce in gaya masa an rufe kasuwa. A hanyar dawowa Baba yana ta mitar man da ya ƙona, Sidi yana sanye da hular a kan gutura, mayafin kan nan na Larabawa, yana yi wa motoci saluti.

Unguwa kuma, su da suke nuna ƙofarsa da leɓe yanzu, duk wanda ya tono baƙon ƙarfe wajensa yake rugowa. Akwai wani mai gonar dabino a bayan masallacin Ƙuba, yana haƙa hanyar ruwa fatanyarsa ta daki wani abu zagayayye. Ya zo ba takalmi. Sidi ya je ya kori kowa bayan katanga, har akuya ya sa aka kwance. Ya kwanta rubda ciki da farar rigarsa ta tob a cikin laka, yana jan jiki, yana share ƙasa da ganyen dabino a hankali. Rana ta take. Can sai ya miƙe ya ɗago murfin injin ban ruwa. Aka fashe da dariya, mai gona ya rasa inda zai sa fuska. Sidi bai yi dariya ba, ya ce masa ya yi daidai, gobe ma in ya ga irinsa ya zo da gudu, kada kunya ta hana shi. Ko dabino ya ƙi karɓa. Ya dawo gida Sitti ta ga rigar, aka buɗe sabon faifai.

Shi da Sitti kuwa, rigimarsu ɗaya ce tun kafin a haifi Baba. Farantan Nasara take ce musu. Ta ce ta bi shi da ƙafa ta ratsa ƙasashe don ta mutu a maƙwabtan Manzo, ba don ta kwana kusa da kayan wuta ba. Ya ce babu wuta a ciki. Ta ce to in babu wuta mene ne amfaninsu, ya ba ta ɗaya ta danne dabino a gwangwani. Ya ce ta danne da kanta, ya fi nauyi. Ta rantse ba za ta sake share ɗakin ba, kuma ta cika, shekara da shekaru a bakin ƙofa take ajiye masa shayi. Amma in ya makara a haraj ita ce mai leƙe ta taga.

Ana cikin haka ya kawo wata sabuwar nakiya. Irin masu toshasshen bakin nan ce, ƙasa ta manne a kan rubutun, launin ma ba ya fita sosai. Bai shigar da ita ɗaki ba. Ya hau da ita saman soro ya ajiye can ƙarshen lungu, ya kife mata tsohon baho, ya ce kada kowa ya hau shanya. Na ce tsoho, tsoro ya kama ka ne. Ya ce kusan ya tabbata ta koyo ce, amma kusan ba ta isa shiga ɗaki ba, sai ya bi ƙasar nan da buroshi ya ga haruffa da idonsa, in ba su fito ba soja zai kira su ɗauke abinsu.

Bai kai ga buroshin ba. Yana alwalar azahar ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kai shi mustashfa, asibiti ke nan. Ni da Baba da Goggo, ƙanwar Baba, muna can muna karɓa-karɓa, ga imtihan a wuyana.

Da aka ce za a sallamo shi, Sitti ta tashi gyaran gida kamar mai tarbar alhaji. Ta sa aka yi wa bango farar ƙasa, ƙofofi aka shafa musu koren fenti mai mai. Sai ta tuna 'yan dubiya a ɗakinsa za su zauna, su ga ƙarafuna duk tsatsa, a ce matarsa ƙazama ce. Kuma ina jin, ko da yake ba ta faɗa ba, so take ta nuna masa ta sauko. Matar da ta rantse ba za ta taka ɗakin ba ta shiga. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora su a cinya ɗaya bayan ɗaya, ta dirje su da toka da soson ƙarfe har suka yi fari. Ta tuna akwai wata a sama, ita kaɗai za a bari da datti, ta hau da ciwon gwiwarta ta sauko da ita. Sauran fentin ƙofa ta shafe su da shi, hawa biyu, mai kauri, har ramukan ya cike. Ta jera su daga babba zuwa ƙarama, ta kunna turaren wuta.

Ina tallafe da shi muka shigo. Ya tsaya. Ya kalli layin nan kore shar, ya kalli silin, ya sake kallon layin. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita tun faɗuwar, sai wani sauti kawai. Yana ta nuna sama da yatsa, yana nuna ƙasa. Sitti tana bakin ƙofa, fenti bai gama fita daga farcenta ba, tana murmushi.

“Ka ga 'ya'yan naka, Malam? Na yi musu kayan salla.”

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya sauke yatsan, ya ɗora tafinsa a ƙirji ya ɗan rusuna mata, irin godiyar da ake yi wa manya. Ban taɓa ganin abin da ya karya min zuciya irin wannan ba. Bayan ta fita ya sa aka juya masa gado ya fuskanci bango, ya yi ta nuni har muka gane yana so a fitar da yara daga ɓangaren. Na sha juyo da shi ya kalle su, ina nuna wannan, ina nuna waccan, ko zai gane baƙuwar. Akwai da yawa masu jikinta sak. Ya duba, ya duba, ya girgiza kai. Shi ma bai sani ba. Na ce a kira soja, ya kalli ƙofar da Sitti ta bi, ya rufe ido. Ya san in aka kira za a tambayi wanda ya shafa fentin. Haka muka yi ta jan ƙafa, kowa yana cewa bari ya samu sauƙi ya yi magana, har Allah ya karɓi abinsa.

Da aka naɗe tabarmin makoki, Baba ya kira ni ɗakin. Goggo ta biyo mu. Ya ce duk gidan nan ni kaɗai tsoho ya koya wa, umda yana jira, in duba da kyau. Na sa hannu a baya, na durƙusa, na bi su ɗaya ɗaya. Masu huji a gefe na gane su ta kumburin fenti. Masu toshasshen baki kuwa kamar ƙwai a kwali. Babu launi, babu harafi. In za a kankare a duba, sai an sa ƙarfe a bakin, kuma wa zai sa ƙarfe a bakin abin da bai sani ba.

Goggo ta ce haba 'yar Baba, ke ma kin san kakanki, zai kawo abin da zai kashe mu ne, ki buɗe baki ki ce matattu ne a wuce wajen. Ta ce Sitti ta murje su da soson ƙarfe a kan cinyarta ba abin da ya tashi, wace shaida ta fi wannan. Na ce mata irin waɗannan nauyin mota suke jira, hannun tsohuwa ba ya tashinsu, kuma tsufa yana sa su canja hali. Ta ce in aka kwashe su da motar soja a gaban jama'a, halas, sunan tsoho ya tafi, har abada za a ce bam ya tara.

Baba ya ce, “Ba dogon zance nake so ba. Za ki dafa Alƙur'ani ki ce babu mai rai a cikinsu?”

Na so in ce e, Allah ya sani. Na ce, “Duk zan dafa, Baba, ban da guda. Kuma ban san wacece gudan ba.”

Ya ce tayyib. Ya sa takalminsa ya tafi gidan umda.

Da hantsi sojoji suka zo. Suka tare layinmu ta baki biyu, aka fitar da kowa daga gidaje, mata da jarirai, tsofaffi, mai shagon kusurwa da rabin burodi a hannu, duk aka tsaya a rana can nesa. Sitti tana takaba, ita ma aka fitar da ita a lulluɓe zuwa gidan Goggo. Unguwa gaba ɗaya ta ga ana fito da korayen faranta, kowanne a kan buhun yashi, soja yana tafiya da shi kamar mai ɗauke da jinjiri. Sun yi mana mutunci, ba su zagi kowa ba. Babbansu ya tambayi wanda ya yi fentin, Baba ya ce shi ne. Na roƙi a bar min ɗaya daga masu hujin, waɗanda yaro ma ya san wayam ne. Aka ce umarni duka ne.

Baba ya bi su har cikin baƙaƙen duwatsun hanyar Khaibar. Ya ce rami suka haƙa, suka zuba su gaba ɗaya, suka ɗora nasu abin fashewar a kai, aka ja baya, aka danna. Ƙara ɗaya. Ya tambayi babban ko daga jin ƙarar za a iya gane akwai mai rai a ciki. Ya ce masa a'a, haka ake yi, a haɗa a tashe su tare, ba a tsayawa tantancewa.

Kafin Baba ya iso gida labari ya riga shi. Direban motar da ta kai yashi ya ce ƙasa sai da ta girgiza. A bakin mai shago ta zama dutse ya tsage. Ana ta Allah ya kiyaye, da a layin nan ta tashi fa. Mai gonar dabinon nan shi kaɗai na ji an ce ya yi musu, aka ce masa ya yi shiru, shi da bai san murfin inji ba. Yara sun sa wa gidanmu suna da Larabci, gidan bama-bamai, in ka hau tasi ka faɗa direba ya kawo ka har ƙofa.

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ko da na san ba mai karantawa a layinmu, rabin jikokin ma Hausar ba ta zauna musu a ido ba. Babu abin da zan nuna. Hular ƙarfen ma sun haɗa da ita. Sidi mutum ne da bai taɓa shigar da abin da bai tabbatar ba cikin ɗaki, ni shaida ce, amma shaidar da ta kasa rantsuwa a ranar da aka nema. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa maƙwabtakar da ya tako ƙasashe dominta ta amfane shi.

Ranar da aka fasa su, bayan la'asar, Sitti ta dawo gida. Ta zauna a tsakar gida, ba ta kalli ɗakin ba. Ta tambayi Baba ko sun yi ƙara. Ya ce sun yi, amma ƙarar ta sojoji ce, nasu abin suka ɗora. Ya yi ta bayani, da Hausa, da Larabci, ba ta ko ɗaga kai ba. Tana ta murza tafin hannunta a kan cinya. Ashe ta daɗe da ganewa, tun ranar da ya juya gado. Ta ce ita ta sauko da ta saman, ita ta kai ta inda yara suke, shi ya ajiye ta nesa.

Na matsa kusa da ita na riƙe hannun. Na ce Sitti, matattu ne, dukansu, har ta saman, ni na duba.

Ta juyo ta kalle ni, ta gyara min ɗankwali.

“Ke ma ba ki sani ba, 'yar nan,” ta ce. “Tashi ki ɗora shayi.”